Rasuwar da rediyo ta hwaɗa

Ina cikin dama shayi rediyo ta ce wani tsohon minista ya rasu. Nan take na ruhe tebur da buhu.

Ban daɗe da zuwa Dogon Dutsi ba. Mu can Ɗan Kassari, in anka yi rasuwa ba a aiki sai an yi gaisuwa. Watan ga kuwa manya sai tahiya sukai: mawaƙiya, babban likita, wani malami, yanzu ga minista. Kowane na ruhe mishi tebur.

Maigidana ya iske mutane tsaye, ba shayi.

"Ɗan ƙauye, wa ya mutu kuma?"

"Minista, maigida."

"Kawunka na?"

"A'a. Amma an hwaɗa muna, kuma mun ji."

"Nijar duka anka hwaɗa ma. Ka ƙara ruhe min tebur, ka koma noman gero."

Jiya anka ce wani tsohon ɗan kokowa ya rasu. Na daure ina zuba madara. Maigida ya zamna bisa benci, har shayinshi ya huce.

Na matsa na ce, "Maigida, ya haƙuri?"

Ya goge ido da hula. "Da godiya. Kashe wutar ga, yau ba mu aiki."

Allah ya jiƙan su duka. Amma mutanen gari, ƙaƙa kuka gane rasuwar da taku ta? Ku hwaɗa min tun ban rasa aikina ba.