Ranar da Ummata Ta Kai wa Yahudawa Agajin Naman Akuya

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aiki a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington, na yi wata ƙawa Bayahudiya. Maganar abinci ce ta haɗa mu. Duk ranar da aka yi walima a ofis, kowa ya ɗauki faranti ya afka wa abinci, mu biyu sai dai a gan mu tsaye muna leƙa tire kamar 'yan kwastan, muna tambayar me aka sa a ciki. Ni ina gudun alade da giya, ita kuwa abin da take gudu ya ninka nawa. Ƙarshe mu koma gefe da ayaba da gyaɗa, muna yi wa juna jaje.

A wurinta na fara jin ƙa'idar abincinsu da suke kira kosha. A gidanta nama da madara ba sa haɗuwa, ko a tukunya ko a faranti. Hatta soson wanke-wanke kowanne da nasa. Kayan nama masu jan fenti ne a hannu, na madara masu shuɗi. In aka yi kuskure aka zuba wannan a cikin wancan, sai an tambayi malaminsu, wata tukunyar ma shi ke nan ta tashi aiki.

Wata rana na same ta a ofis idanu jawur. Ashe 'yarta tilo ce ta dawo daga jami'a ta ce ta daina cin nama, ko ƙanshinsa ba ta son ji. Suka yi cacar baki a kan miyar kaza, yarinya ta yi fushi ta daina zuwa cin abincin yammacin Juma'a, wanda a wurinsu shi ne babban zaman iyali na mako. Watanni kujerarta ba kowa. Ƙawata ta gaji, ta kwashe kayan jan fenti kaf ta kai ɗakin ajiya, ta yi wa yarinyar alkawarin ba za ta ga ko tsoka ɗaya a gidan ba. Yarinya ta ce to, za ta zo Juma'a mai zuwa ta gani. Matsalar ita ce ƙawata in ka cire kaza da naman sa, ba ta san me ake ɗora wa a wuta ba. Ta roƙe ni in raka ta kantin littattafai ranar Lahadi mu zaɓo littattafan girkin marasa cin nama.

A lokacin mahaifiyata ta zo mana daga Kano tana zaune da mu a Hyattsville, zaman gida ya ishe ta. Da ta ji zan fita, kafin in nemo makullin mota har ta yafa mayafi.

Ban taɓa sanin zaɓen littafin girki aiki ba ne sai ranar. Ƙawata ta sa tabarau, tana bin kowane shafi da yatsa. Wannan littafin ta ajiye shi saboda rabinsa da wani irin cuku ake yi, wanda ake haɗa shi da sinadari daga tumbin maraƙi. Wancan an rubuta babu nama, amma ga ruwan jatan lande a cikin miya, su kuma ba sa ci. Wani ganye ya yi masa yawa, kuma kowane ganye sai ta ɗaga shi a haske ta tabbatar babu ƙwaro. Sannan tana neman girkin da zai iya kwana a kan ɗumi, don daga faɗuwar ranar Juma'a ba sa kunna wuta sai Asabar ta wuce.

Umma ba ta jin Turanci, amma tana ganin hoto. Ta ɗauki wani ƙaton littafi ta buɗe daga farko har ƙarshe, ta juya bayansa, ta dube ni.

"Ke, ina naman?"

"Umma, babu. Na marasa cin nama ne."

"Duk girman littafin nan? To wannan ai kiwo ne. Ko akuyarmu ta gida sai an haɗa mata da dusa."

Ƙawata ta ɗago tana murmushi ta ce me Mama take cewa. Na ce, "Ta ce hotunan sun yi kyau." Daga nan na zama tafintar ƙarya. Umma ta ce wannan miyar ko mai jinya ba za a ba, na ce ta ce da alama za ta yi daɗi. Umma ta ce Allah ya kiyashe mu, na ce tana sa mata albarka. Muka fito da littattafai uku, ƙawata tana ta godiya wai ba ta taɓa ganin tsohuwa mai saurin fahimta irin mahaifiyata ba. Har ta gayyace mu cin abincin Juma'ar, don a cewarta idan da baƙi ba za a yi faɗa ba.

A mota Umma ta dube ni ta ce, "Mijinta yana aiki kuwa?"

Na ce ya yi ritaya.

"Na sani! Wallahi na sani. Ke yarinya ce, ba ki san rufin asiri ba. Babu magidancin da zai wayi gari ya ce ya daina cin nama haka kawai. Babu ce ta kama su, baiwar Allah take fakewa da littafi."

Na yi ƙoƙarin in yi bayani, ta ɗaga mini hannu. Ni kuma ga cunkoson motoci, ga gajiya, na ce to Umma, na bar maganar. Washegari ta sa maigidana ya kai ta shagon kayan Afirka da na mai naman halal, wai za ta ga gari.

Ranar Juma'a na dawo aiki a gurguje muka kama hanya, don mu isa kafin rana ta faɗi. Umma ta rungumo wata kula naɗe a cikin tawul, ta ce 'yar tsaraba ce. Hancina ya so ya gaya mini gaskiya, amma turaren da ta fesa ya fi ƙarfinsa.

Aka tarbe mu da murna. Ina tsaye a falo ina gaisawa da maigidan, ƙawata tana gyara kyandir a kan tebur, sai na waiga babu Umma. Irin tarbiyyarmu ce: ba a miƙa wa mai ƙaramin ƙarfi taimako a gaban mutane, sai dai a lallaɓa a ajiye masa a madafa. Na ruga kicin. Na tarar da ita ta buɗe kula, soyayyen naman akuya ya sha yaji yana ƙyalli, ta jawo wata tukunya mai shuɗin hannu, ta ɗaga kular za ta juye.

"Umma!" Na yi tsalle na riƙe hannunta. Tun ina makarantar firamare rabon da in yi irin wannan tsallen.

"Sake ni mana, kada su ji! So kike ki kunyata su?"

Ai kuwa sun ji. Ƙawata ta shigo ta dafe ƙirji, maigidan ya fizge tukunyar ya rungume kamar jariri. A daidai lokacin ƙofar gida ta buɗe, yarinyar ta shigo da furanni a hannu. Ƙanshi ya kai ta kicin kai tsaye. Ta dubi naman, ta dubi uwarta, ta ce a hankali, "Kin ce babu." Ta ajiye furannin ta fara mayar da jakarta kafaɗa.

Ƙawata ta kwashe kicin ɗinta, ta yi mako tana ƙona wake, ga shi mu da aka gayyato don kada a yi faɗa mun zo da faɗan a cikin kula. Na ga ƙarya ba za ta ƙara yi mini rana ba. Na gaya musu komai da Turanci, har da zancen ritaya da rufin asiri. Sannan na juya na gaya wa Umma komai da Hausa.

Umma ta rufe kular a hankali. Ta ƙare wa yarinyar kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Fassara mata, kuma kada ki rage ko ɗaya. Ni na ɗauka talauci ne ya hana mutanen nan nama. Ashe ke ce."

Na fassara. Maigidan ne ya fara fashewa da dariya, tukunya na rawa a ƙirjinsa.

"Ki ƙara mata da wannan. Da idona na ga uwarki tsaye tun azahar har la'asar, tana karanta littafin ciyawa kamar mai shirin jarrabawa. Wa take yi wa? Ajiye jakar nan ki zauna, in ma dusa ta dafa ki ci."

Yarinyar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta rungume uwarta. Ni aka ba aikin fitar da kula zuwa but ɗin mota, aka buɗe tagogi, aka kunna kyandir saura ƙiris lokaci ya wuce. Muka ci wani faten ƙananan wake da kabewa daga cikin littafin da Umma ta fi zagi. Ta cinye nata tas, ta ce in gaya wa matar gida ya yi daɗi, amma ni ta raɗa mini cewa da an sami ɗan ƙashi. Kafin mu tafi har ta yi wa yarinyar bayanin alale da ɗanwake, ta ce waɗannan ba sai an sayi littafi ba. Naman akuya kuwa mu muka yi kwanaki muna ci.

Na daɗe ina ba da labarin nan don a yi dariya. Sai bayan Umma ta koma gida, ina gyara ɗakin da ta zauna, na tsinci ƙullin daddawa a can ƙasan durowa, an naɗe shi da leda a kan leda, ko buɗe shi ba a yi ba. Sai a lokacin na tuna ranar da ta sauka, ɗana ya toshe hanci ya ce da Turanci wani abu yana wari. Matar da ba ta taɓa kaɗa miya babu daddawa ba, ta yi watanni tana yi mana girki haka, jikokinta na zagaye da ita suna ci, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na zauna a bakin gado da ƙullin a hannuna na yi kuka sosai.

Na kira ta na tambaye ta. Ta ce, "Au, wannan? Mantawa na yi." Sannan ta ce in gaida mata ƙawata, in kuma tambaya ko yarinyar tana zuwa. Na ce tana zuwa, Umma, duk Juma'a.