Tsohuwa Mai Ƙyaure a Ka

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin silima, ban taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a Talatar Mafara ba, lokacin da ruwan madatsar Bakolori bai daɗe da taruwa ba. Ku da kuka taso kuka tarar da fim a cikin waya, bari in fara gaya muku yadda aikin yake.

Gidan kallonmu tsohon siton auduga ne da aka toshe tagoginsa, don haka ko da rana muna haska fim. Manajanmu shi ne Malam Bawa, ƙarƙashinsa akwai mai kula da inji da mai tikiti, sai ni mai sharhi. Fim yakan zo daga kamfani a birni cikin gwangwanayen ƙarfe. Da safe a haska mana mu kaɗai in kalla, in an tara jama'a kuma in riƙe lasifika ina bayyana musu abin da ke faruwa. Turancina bai taka kara ya karya ba, rabin abin da nake faɗa daga kaina yake fitowa. Bayan an tashi sai in tsaya bakin ƙofa da takardar kamfani, in tambayi mutane ra'ayinsu in rubuta. Da wannan rahoton kamfani ke yanke ko a ɗora fim a motar majigi a kai Bakura da Maradun, ko a mayar da shi.

Fim ɗin wannan makon kashi na biyu ne na wani da ya cika mana gida watannin baya. Labarin wani zamani ne mai zuwa, duniya ta lalace, mutum-mutumin ƙarfe ke mulkin 'yan Adam. A wannan kashin suka tashi gari guda, suka kora mutanensa zuwa wasu gidaje masu lamba, har jarumin ya yaƙe su ya maido kowa gidansa.

Aka fara bayan azahar, gida ya cika da leburorin dam da 'yan cin kasuwa. Akwai wurin da aka nuna ayarin mutanen garin suna fita da kayansu, a cikinsu wata tsohuwa ɗauke da ƙyauren ɗaki a ka. Tun da safe na tanadar mata magana. Na ce, "Iya, kaya aka ce ki kwashe, ba gida ba! Ko daji za ki kulle?" Sito ya ɗauki dariya, har da masu buga benci. Da na ga ta karɓu sai na maimaita.

Da aka tashi na tsaya da takardata. Wani direban tifa ya ce kashi na ɗaya ya fi, wannan tafiya ta yi yawa, duka ya yi kaɗan. Wani tela ya ce ƙarafan wannan kashin sun fi ban tsoro, a sake haskawa gobe. Wani malamin makaranta daga Jangebe ya ce Turawa ne ke tsoron abin da hannunsu ya ƙera. Duk na rubuta.

Na ƙarshen fitowa wani dattijo ne mai koɗaɗɗiyar riga. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi gida da iyali da aiki, ya ce sunansa Haruna, daga ƙasar Maradun ya zo kasuwa. Sannan ya ce, "Malam, kai ne mai magana a lasifika?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ka san abin da ya sa tsohuwar ga ta ɗauko ƙyaure?"

Na yi murmushi, na ce abin fim ne kawai.

Ya ce, "Randa anka tashe mu saboda ruwan dam, uwata ƙyauren ɗakinta ta ɗauko. Ubana ya sassaƙa shi shekarar aurensu. Munka yi munka yi ta aje, ta ƙiya. Inda anka kai mu, ƙofar ɗakin ba ta yi daidai da shi ba, sai ya zauna jingine da bango. Damina ba ta zagayo ba ta rasu. Bisa shi anka yi mata wanka."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Allah ya jiƙanta."

Ya ce, "Amin. Har mutanen garinmu na gani cikin 'yan kallo suna dariya. Ban ga laifinsu ba, in ba su yi dariya ba mi za su yi?" Ya nuna takardar hannuna. "Ra'ayi kake rubutawa ko? To rubuta: tafiyar gaskiya ce, komawar ƙarya ce. Mu garinmu na ƙarƙashin ruwa. Sai rani ya tsananta ake hangen kan tsamiyar maƙabartarmu."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa. Ya yi sallama ya shige cikin kasuwa.

Washegari na kai wa Malam Bawa rahoto, na ƙara a ƙasa cewa a ganina kada a kai fim ɗin Maradun. Ya karanta, ya ajiye tabarau.

"Kamfani ra'ayin fim ya tambaya, ba labarin dam ba. Goge wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ma ɗan kallo ne, ra'ayinsa ke nan."

Bai yi gardama da ni ba. Ya ɗauko sabuwar takarda ya rubuta da hannunsa cewa jama'a sun ji daɗi ƙwarai, ya sa hannu. Malam Bawa ba mugu ba ne, shi ma akwai na sama da shi, kuma bai tsaya bakin ƙofa ya ji muryar dattijon ba.

Bayan mako guda muka tafi da motar majigi. A Bakura komai ya tafi lafiya, na dai tsallake maganar ƙyauren. A Maradun muka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, kusa da sabbin gidajen waɗanda aka tasa. Maza, mata da yara suka zauna a ƙasa. Da ayarin ya fito a ƙyalle sai na tsayar da sharhi. Na sauke lasifika. Babu abin da ake ji sai ƙarar injin wuta. Babu wanda ya yi dariya. Can gefen mata wata ta fara shesshekar kuka, na kusa da ita na cewa ta yi haƙuri. Daga nan manya suka soma tashi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da jarumin ya maido mutanensa gida, yara ne kawai suka rage suna tafi.

Da muka koma aka ba ni takardar gargaɗi kan na bar fim ba sharhi, aka mayar da ni yagar tikiti na wani lokaci. Ban ɗaukaka ƙara ba. Abin da ya dame ni daban ne. Duk ranar kasuwa ina duba fuskokin masu shiga ko zan ga Baba Haruna in roƙe shi gafara. Bai sake zuwa ba, ban kuma san ko yana raye lokacin da na bar aiki ba.

Abin da na koya shi ne, mai sharhi yana ganin fim tun da safe, amma ba ya ganin waɗanda za su zauna gabansa cikin duhu, bai san abin da kowa ya shigo da shi a ransa ba. Na ci gaba da ba mutane dariya har na yi ritaya, don aikin ke nan. Amma daga ranar, duk wanda na gani a fim ɗauke da kayansa yana barin gida, nakan yi shiru har ya wuce.