Tatsuniyar da Sabitu Bai Dawo da Ita Ba

Gyaran kwamfuta nake yi a wani kamfanin ajiyar kaya a Bompai, kuma idan aiki ya lafa wasa nake bugawa a kanta, ba na ɓoyewa. Abokan aikina dariya suke min, wai gemai-gemai da ni, ga wasan ma hotunansa kamar zanen ɗan firamare. Su kuwa daga gardamar fim sai ta siyasa, suna tada jijiyar wuya a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Abin da ya haɗa ni da wasan nan shi ne masu shi sun bar cikinsa a buɗe, kowa ya sauke kyauta, ya kwance, ya gyara yadda ransa yake so. Sharaɗin ɗaya ne: abin da ka ƙara, ka mayar wa jama'a. Ni ba a kwamfuta na fara jin wannan sharaɗi ba, a bakin murhun kakata na ji shi.

A Challawa muka tashi, bayan katangar wani kamfanin jima. Kaka tana tuyar ƙosai da yamma saboda ma'aikatan da ke tashi daga aiki, 'yan Jigawa da 'yan Nijar, hannuwansu duk warin fata. Da an idar da magariba ƙullu ya ƙare, sai ta sauke kasko ta ja itace baya, mu jikoki mu kewaye garwashin muna faɗa a kan ɗan abin da ya rage a kwando. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Baƙuwa ce a ƙofa, wa zai yi mata shimfiɗa?" Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, Kaka!" Idan ta gama kuma ta ce, "Na sauke ta. Wanda ya ɗauka ya dawo min da ita."

Kuma da gaske take. Idan ka ba wa 'yan islamiyya labarin ka sauya wani wuri, wajibi ne ka zo ka faɗa a gaban kowa. In ya yi mata, ta ɗauka, kuma duk ranar da ta zo wurin sai ta nuna ka da ludayi ta ce, "Nan na angona Habu ne." Habun ni ne. In bai yi ba ta ce, "Wannan gishirin ya yi yawa, kwashe abinka."

Wadda muka fi so ita ce ta kura da rijiya. Dabbobi suna da rijiya guda, kowa yana sha. Kura ta zo da murmushi ta ce ƙasa tana faɗawa ciki, a ba ta gadi ta kewaye musu ita, ta kuma bi gida-gida tana raba ƙashi. Suka yarda. Ta yi shinge, ta sa ƙyaure, ta kwanta a bakinsa, wanda ya zo shan ruwa sai ya bar mata ɗansa. Kwaɗo da ke cikin rijiyar shi ya riƙa rera abin da yake gani har kowa ya ji. Tururuwa suka taru suka haƙa ta ƙarƙashin shingen, ya faɗo a kan mai gadin.

Waƙar kwaɗon nan Yaya Sabitu ne ya ƙara ta, ɗan wan babana. Duk cikinmu babu mai bakinsa, Kaka kuma ba ta taɓa rera waƙar ba tare da ta ambaci sunansa ba.

Sabitu ya girma ya shiga harkar fim. Wata shekara da zaɓe ya matso, wani ɗan takara ya ɗauki nauyin shirin katun na yara a talabijin, aka ba Sabitu aikin. Muka zaunar da Kaka a gaban akwati muna ta murna, lokacin idonta ya fara rauni. Rijiyarta ce, shingenta ne. Amma kura ta zama zaki, da hula irin ta ɗan takarar, shi ne ya kare rijiya daga masu ɓarna. Kwaɗo ya zama ɗan baƙin ciki mai zuga jama'a, tururuwa kuwa ɓarayi, aka kama su yara suna tafi.

Da rubutu ya fara wucewa ta taɓa ni. "Angona, me aka rubuta?"

Na karanta mata: labari da tsarawa, Sabitu.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, Kaka."

Ni na cika na batse a kan zakin, ita kuwa ba nan nata ciwon yake ba. Ta ce sauyawa ba laifi ba ne, ya zo dai ya faɗe ta a gabanta, a ji ko gishirin ya yi daidai. Ta jira har sallah. Ya zo da mota, ya ajiye mata atamfa. Ba ta ko dubi ledar ba ta ce, "Mijin banza, ina baƙuwata?"

Ya yi dariya. "Haba Kaka, ai yanzu ta kamfani ce. An sa hannu. Ko ni ba ni da ikon taɓa ta."

Daga ranar ba ta sake faɗar ta ba. Ƙananan jikoki suka yi naci, ta ce ba ta ba da labarin baƙon da bai dawo gida ba. Haka ta rasu.

Shi ya sa idan 'yan ofis suka tambayi ra'ayina a kan fim ko siyasa nake ce musu duk kanwar ja ce. 'Yan fim da 'yan siyasa su ɗauki abin da yake na kowa, su wanke shi, su sa masa hula, su dawo suna nuna maka a matsayin alheri. Ɗan takarar tuni an manta da shi, amma shirin yana nan yana yawo a wayoyi. Har yau ina jin haushin Sabitu, ko a wajen biki gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

Kwanan baya aka ɗauke wuta a gidana a Hotoro. Na kira 'yata Ummi, wadda na sa wa sunan Kaka, na ce ta zo ta ji abin da mai sunanta take ba mu. Ban kai ga shinge ba ta tare ni.

"Baba, ba haka ba ne. Zaki ne, kuma shi ne mai kirki. Tururuwar ne ɓarayi."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ma ya sani. Ta Baba Sabitu ce."

Na ce mata ta kakata ce, tun kafin Sabitu ya iya ɗaura wando. Ta dube ni da tausayi ta ce, "To ita Kakar a wace tasha ake nuna ta?"

Sai ta tashi ta ɗauko wayar mamanta don ta nuna min daidai.