Kusurwar da Malam Ya Bar wa Rana

Ƙarar moɗa ce ta fara komai. Ina ɗaki bayan la'asar ina ninke kayan yara, na ji ta faɗo daga bakin randa, ta bugi dutsen da muke ɗora randar, ta gangara. Na ɗauka akuya ce ta kwance. Da na leƙo, sai na ga wani ɗan kwikwiyo ja, ƙafafu dogaye kamar kara, haƙarƙari duk a waje, yana lasar danshin gindin randa. Maigidana yana tsaye a bayansa riƙe da kwali, yana kallona irin kallon ɗalibin da ya makara.

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu, shekara goma sha biyu kuma da jin waccan ƙara. Ɗalibansa da ke kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan daga Faransanci, sun sha faɗin alherinsa a aji, kuma sun fi ni sanin wannan ɓangare. Ni abin da nake so in rubuta ya faru ne a tsakar gidanmu nan Tawa, a kusurwar da ke bayan dalbejiya. Akwai maganar da na riƙe a ciki tun lokacin, wadda danginsa ba su taɓa ji ba. Na ga shekaru suna tafiya, na ce gara in faɗe ta da bakina.

A lokacin yana koyarwa a wani ƙauye kan hanyar Bambay. Kullum yakan hau moto, wato babur, da sassafe, sai bayan la'asar ya dawo. A gefen hanya ya tsinci kwikwiyon, inda makiyaya suka tashi daga mashekari suka bar shi, ko don sun ga ba zai iya tafiya ba. Na ce masa, "Malam, kare a gidan da ake salla?" Ya ce, "Rabi, muna da awaki, kuma kin san an halatta na tsaro. In ya yi ƙarfi ya tsare su. In bai yi ba, ya mutu da ruwa a cikinsa." Na ce to, amma hannuna ba zai taɓa shi ba, kwanonsa daban, igiyarsa kuma kar ta kai inda nake shimfiɗa dadduma. Ya yarda da duka. Autarmu Zainabu, tana shekara shida a lokacin, ita ta raɗa masa suna Tsintau.

Tsintau yana cin tuwo da ɗan nono kamar an aiko shi, amma ba ya ƙara nama. Kashinsa baƙi ne mai yauƙi, wani lokaci da jini. In Malam ya ɗaga masa leɓe, dasashin fari fat kamar cikin ƙwarya. Ranar Asabar ya saka shi a kwali ya kai shi ma'aikatar kiwo. Likitan dabbobin da ke wurin, wani dattijo mutumin Damagaram, ya duba kashin a madubinsa mai ƙara girman abu ya ce tsutsar hanji ce mai ƙugiya a baki, wadda ke maƙalewa tana shan jini. Da Malam ya faɗa mini sunanta na Faransanci, ankilostom, sai na tuna mun taɓa zana ta a kolej, ban dai taɓa tunanin zan zauna gida ɗaya da ita ba. Likitan ya ce wataƙila tun a nonon uwarsa ya sha ta. Ya ba da ƙwaya daidai nauyinsa, ya ce a maimaita bayan mako biyu, domin wasu tsutsotsin kan ɓuya a cikin naman jiki inda magani ba ya kaiwa, sai daga baya su fito. Ya kuma ja kunne: a kwashe kashi kullum, wurin kwanansa ya zama busasshe.

An ba shi, an maimaita. Ya ɗan murmure, har ya fara haushi in an buga ƙofa. Bayan ƴan makonni ya koma gidan jiya. Aka sake zagaye na biyu, aka sake komawa. Likitan ya canza magani, ya tambayi Malam ko wurin yana da danshi. Malam ya yi dariya ya ce, a Tawa, a tsakiyar bazara? Ko yawu ka tofar ba ya kai ƙasa. Gaskiya ya faɗa, iya abin da ya sani.

Abin da bai sani ba shi ne abin da nake yi in ya tafi lekol koyarwa. Wanda ya san bazarar yankinmu na Adar ya san yadda rana take tsayawa a ka tun kafin azahar, yashi ya yi zafin da ba a taka shi. Nakan ga ɗan karen nan kwance ƙarƙashin dalbejiya, harshe waje, ciki yana ɗagawa yana sauka. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana cewa in zafi ya yi, a yayyafa ruwa a tsakar gida kafin a shimfiɗa wa baƙo tabarma. Haka na ga mahaifiyata tana yi a Kalfu, haka nake yi wa Malam kowace yamma. Sai na fara yi wa Tsintau. Ruwan alwalata, ruwan ɗauraye kwanoni, duk kusurwarsa nake kaiwa, sau uku sau huɗu a wuni. Yakan tona rami a jiƙaƙƙen yashin ya kwanta, ya lumshe ido. Kashin da ya yi da rana kuma, tun da na rantse ba zan taɓa ba, sai in tura masa yashi da ƙafar tsintsiya in rufe, don kar Malam ya dawo ya tarar da ƙazanta. Kafin la'asar saman yashin ya bushe. Malam ya kwashe wanda ya gani, ya tafi masallaci da kwanciyar hankali.

Ban faɗa masa ba don kunya. Ni ce na ɗaga murya ranar farko, maƙwabta sun ji. Yaya zan ce yanzu tausayin karen ya kama ni? Kuma a zuciyata lada nake nema. Na san labarin da malamai ke ba mu na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ko kusa ban haɗa ruwan nan da tsutsa ba. Da aka ce busasshen wuri, ni taɓo na hango, irin na damina.

Sai ƙafar Zainabu ta fara ƙaiƙayi. Wani jan layi ya fito mata a gefen tafin ƙafa, siriri, a lanƙwashe kamar zaren da aka yar, kuma kullum sai ya ƙara gaba. Tana susa har jini. A asibiti aka ce ƴaƴan tsutsar kare ne suka shiga fata daga jiƙaƙƙen yashi, aka ba ta magani, aka ce ta daina yawo ba takalmi. Cikin kwanaki ta warke. Amma labari ya riga ya kai kunnen Hajiya Mariyama, yayar Malam, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta zo da kanta, ko ruwa ba ta sha ba. "Isufu, mi kake jira? Sai ya kashe maka ɗiya? Ka fidda abin nan ka kai shi daji." Malam ba ya musu da Hajiya. Ya sunkuyar da kai ya roƙi wata ɗaya. Ya ce in wata ya cika tsutsar ba ta rabu da shi ba, shi da kansa zai mayar da shi inda ya ɗauko shi. Duk mun san kare mai wannan rama ba zai yi kwana uku a daji ba.

Kwana biyar bayan haka aka tashe su da wuri daga wani taron malamai. Ban ji shigowarsa ba, don ya kashe moto tun daga waje. Ya same ni a tsugune da ƙwarya ina yayyafi, har ina yi wa karen magana, ina ce masa sannu, sannu bawan Allah. Na miƙe riƙe da ƙwaryar. Ya ƙaraso kusurwar. Ya tsuguna ya tura yatsunsa cikin yashi, ya tono. Ƙasan a jiƙe yake, da ɗumi, ga abin da na yi ta binnewa. Ya daɗe yana kallo. Ni kuma a nan take na gane, tun kafin ya buɗe baki: zanen kolej ya dawo mini, ƙwai a kashi, ƙyanƙyasa a danshi da inuwa, shiga ta fata. Duk maganin da yake ba shi da safe, ni nake warware shi da rana. Kuma ƙafar ɗiyata, hannuna ne.

Na fashe da kuka. Ya wanke hannunsa, ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ashe mu biyu muke jinyarsa ban sani ba." Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai ƙara ba a ranar, bai ƙara ba har ya bar duniya.

Washegari ya ari shebur da baro. Ya kwashe yashin kusurwar har sai da ya kai jar ƙasa, ya fitar da shi bayan gari. Ya sassare rassan dalbejiyar da ke rufe wurin, rana ta sauka a kai. Ya ce daga yau wurin nan na rana ne, kar a ƙara zuba masa ko ɗigo. Ya yi wa Tsintau ɗan dandamalin siminti a wancan gefe, da rumfar zana da iska ke ratsawa, ya ajiye masa kasko cike da ruwa. Ya ce in ina son sanyaya masa, in cika kaskon, ladan ɗaya ne. Ni kuma na karya rantsuwata, na yi kaffara. Na samu guntun kwano da tsinken kara, duk lokacin da ya yi kashi in kwashe nan take in kai masai, in wanke hannu da sabulu. Aka sake ba shi magani, aka maimaita a kan lokaci. Da wata ya cika likitan ya duba bai ga ƙwai ba. Ya ce a dawo bayan wani watan, aka dawo, babu.

Da Hajiya ta zo jin inda aka kwana, ina bayan labule. Ta tambayi abin da ya hana maganin ci tun farko. Malam ya ce, "Yaya, laihina ne. Ni na ɗaure shi inda rana ba ta kaiwa." Ta yi masa faɗa sosai, ta ce mai koyar da ƴaƴan mutane bai san wannan ba. Ya sha faɗan. Ba ƙarya ya yi ba, shi ya ɗaura igiyar. Amma ya zaɓi rabin gaskiyar da zai faɗa a kansa, ya bar nawa rabin a rufe, don ya san da Hajiya ta ji, da sunana ya zaga dangi a matsayin matar da ta sa wa ɗiyarta cuta saboda kare. Hajiya tana raye, kuma jikokinta za su karanta mata wannan. Yaya, ni ce. Ki yafe mini faɗan da ƙanenki ya sha a madadina.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Tawa ta yau. Gidaje da yawa sun ajiye karnuka saboda tsaro, wasu ma daga nesa ake kawo su. Maganin tsutsa kuwa a faranti ake yawo da shi a kasuwa, rana tana dukansa, mutum ya saya ya ba dabba yadda ya ga dama, ba awo ba gwaji. Kwanan baya wata maƙwabciyata ta ce sau biyar suna ba nasu ƙwaya, ba ta ci ba. Ɗanta ya duba a waya ya ce tsutsotsin yanzu sun fara sabawa da magani. Wataƙila haka ne, likita ne zai tabbatar, kuma na ce su kai kashin a duba. Amma na roƙe ta ta nuna mini inda yake kwana. A gindin famfo ne, inda ruwan wanki ke taruwa. Ina jin da Malam ne, ba zai yi dogon bayani ba. Zai tsuguna ya tura hannu cikin ƙasa. Sannan zai nemi hanyar faɗa wadda ba za ta kunyata matar gidan a gaban ɗanta ba. Na farkon na iya. Na biyun har yanzu koyo nake.

Malam ya rasu bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tsintau ya yi kwanaki ba ya ci, yana kwance a bakin ƙofa, yana ɗaga kai duk lokacin da moto ya wuce. Bayan arba'in wasu suka ce mace mai takaba ba ta da abin yi da kare. Wannan karon ni na tsaya, ban roƙi wata ɗaya ba. Ya zauna da mu har tsufa ya ɗauke shi shekara biyu da suka wuce, da ƙibarsa, dasashinsa ja. Ko akuya ɗaya ba a taɓa sace mana ba.

Littattafan Malam suna nan a akwati, moton an sayar, dalbejiyar ta mayar da rassanta sau da yawa ina sa a sare. Ban san ko wani zai tuna shi saboda kare ba. Ni dai na zauna da mutum shekara ashirin da ƴan kai, kuma in aka ce in nuna halinsa a wuri ɗaya, kusurwar nan zan nuna.

Makon jiya babbar ɗiyata ta kawo mini ƴarta Hawwa ta wuni. Shekararta biyar, an haife ta bayan rasuwarsa, hotonsa kawai ta sani. Na idar da alwalar azahar, hankalina yana wani wuri, na ɗauki ragowar ruwan na nufi bayan dalbejiya. Yarinyar ta taso da gudu, takalmanta suna ƙara, ta riƙe mini zane.

"Kaka, kar ki zuba nan. Malam ya ce wurin na rana ne."