Ƙwaryar Nonon Kakata a Bakin Gulbi

An daɗe, wataƙila na haɗa wani abu da wani, amma ina jin a damunar samun mulkin kai ne, ko wadda ta biyo ta. Muna lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji. Malaminmu, da muke kira Mushe, wato "malam" da Faransanci, ya ba mu labarin Misirawan dā: wai Kogin Nilu yana cika ne da hawayen wata gunkiyarsu mai kukan mijinta. Ya ce wannan hikima ce mai zurfi.

Na ɗaga hannu da murnata. Na ce kakata ma, in ruwan farko na damuna ya iso Gulbin Maradi, takan zuba masa ƙwaryar nono. Cewa take baƙo ne daga ƙasar Katsina kamar iyayenta, kuma ba a tarbar baƙo hannu wofi.

"Zauna, jikan matsafa," in ji Mushe. "Nasu tarihi ne, naku camfi."

Yara suka kai maganar gida. Kafin kasuwa ta ci, tsohuwar da ban taɓa ganin ta bar salla ba ta zama "amaryar gulbi" a bakin mutane. Ba ta sake zuwa bakin ruwan ba har ta rasu.

Na yi karatu har jami'a, ban samu hujjar bambancin da Mushe ya yi ba, kuma har yau raina yana ɓaci.

In akwai ɗan ajinmu da ya tuna maganar dabam, don Allah ya aiko ya gyara mini. Ba na son in zalunci Mushe, ko da yake shi bai ji tsoron zaluntar ta ba.