Ɗan Gulma Ba Ya Sauka Otal

Shekara ashirin da tara na yi ina riƙe da gidan saukar baƙi a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, ba allo a ƙofa, ba albashi, ba ranar hutu. Maigidana ɗan Gulma ne, ta ƙasar Argungu, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da ya samu aikin gwamnati a babban birnin jiha. Don haka duk wanda ya taso daga Gulma da ciwon ido, ko shari'ar gona, ko neman wa ɗansa gurbi a foliteknik, ko kuma kawai matarsa ta ɓata masa rai, gidanmu ne tasharsa. Ba a aiko da sanarwa. Sai dai in ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, a sauke rabin buhun shinkafa da ƙullin albasa, a bayansu mutum huɗu. Ana cewa baƙo raɓa ne. Wanda ya fara faɗin haka bai san dangin mijina ba, don ni na ga raɓar da ta yi damina biyu.

Ban ce ba na ƙaunarsu ba. Cikinsu akwai tsofaffin da na yi kukan mutuwarsu fiye da na wasu dangina. Amma na gaji, gajiyar da ba wanda zan faɗa wa, don mace ba ta buɗe baki ta ce ta gaji da baƙin mijinta.

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa, 'yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta kira ta ce za ta tura mu hutun mako guda, ni da babanta, zuwa Zanzibar, wani tsibiri a cikin teku ta gefen Tanzaniya. Ta san halin ubanta, shi ya sa ta fara da cewa mutanen can Musulmi ne, ana kiran salla, naman ma yankakke ne. Sannan ta ce, "Inna, ke za ki zaɓi masauki. Ke, ba Baba ba." Ta turo mini hotuna a waya, sun fi talatin.

Ni teku bai dame ni ba. Abin da nake so ɗaki ne da zan rufe, da abincin da ban san wadda ta dafa ba, da kwana bakwai da ba mai leƙowa ya ce, "Hajiya, an yi baƙi." Na zauna da tabarau ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Akwai benaye a cikin tsohon gari, lungunansu kamar na cikin birni. Akwai gidajen da ake ba mutum dungurungum har da kicin, waɗannan ina hango tukunya nake wucewa. Akwai kuma bukkokin ciyawa da aka kafa a kan itace a tsakiyar ruwa. Na zaɓi wani madaidaici a bakin yashi, wanda aka ce da safe har ƙofa ake kawo wa mutum shayi. Kuskurena ɗaya, na nuna wa maigidan.

Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma ko takalmi zai saya sai ya ji ta bakin wansa. Ya duba hoton, ya yaba, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Sai mu hwaɗa ma Yaya."

Ranar Asabar muka kama hanyar Argungu, muka ratse zuwa Gulma. Yaya manomin shinkafa ne, shi ke zaune a mazaunin mahaifinsu tun da tsohon ya rasu. Ya je Makka sau ɗaya, kuma tun daga lokacin duk wata magana ta ƙasar waje a unguwarsu wurinsa ake kawowa, tun daga yaƙi har farashin taki. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kira dattawa uku, wai shawarar tafiyar ƙanensa. Ni ina gefe kusa da matarsa, ina kallon wayata tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana goge ta da bakin riga.

A kan bukkokin ciyawar nan Yaya ya tsaya. Ya matso da wayar, ya nisanta ta, ya ce, "Wagga bukka ta? Cikin ruwa?"

Maigidan ya ce ai su ne ma suka fi kowane tsada, Turawa har layi suke yi. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mu nan shekara nawa muna roƙon Allah shi ba mu abin da za mu cire ciyawa mu sa kwano, mu bar hwadama mu hau tudu. Ashe can mutum ka biyan kuɗɗi shi kwana inda masunci ka kwana don dole. To in ruwa ya taho, ina suka gudu? In sauro ya taso fa?"

Na ce, "Yaya, ruwan can ba shi ambaliya awa na gulbi."

Ya ce, "Hajiya, ke 'yar birni ta. Ruwa duk ruwa na, ba shi da amana."

Nan take aka yanke cewa duk masaukin da ake hango ruwa ta tagarsa an soke shi. Nawa ya tafi a zagayen farko. Aka umarci maigidan ya nemo na kan tudu, a tsibirin da teku ya kewaye ta ko'ina. Ni dai a raina ko a kan dutse ne zan je, in dai ba ni zan hura wuta ba. Ana cikin haka wani dattijo da bai yi magana ba tun da aka zauna ya ɗago kai ya ce, "Wai duk waɗanga da muka dibi, otal na?"

 A Gulma, otal wuri ne da namiji ke zuwa da abin da ba ya so a gani. Yaya ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya dubi ƙanensa, mutum mai furfura da jikoki, kamar ya kama shi yana shan taba a bayan makaranta.

"Kai yanzu ka ɗauki iyalinka, ɗiyar malamai, ka kai ta otal? Awa ba ka da kowa duniya? Ɗan Gulma ba ya sabka otal. Ana sabka wurin mutum."

Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai ba mu da kowa can."

Da na sani da na haɗiye ta. Ka ce wa mutumin Gulma akwai wani wuri a bayan ƙasa da ba ɗan garinsu, to ka tsokano tsuliyar dodo. Kwana huɗu kacal suka yi suna bugun waya, sai ga shi sun tono mutum. Wani saurayin malami ne da gwamnati ta tura koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a tsibirin, yana can da matarsa. Dangantakarmu da shi kuwa, kakarsa ta taɓa goyon maigidana yana jariri. Yaya ya kira shi da kansa. Bai tambaye shi ba, sanar da shi ya yi.

Gidanmu ya koma wurin tara tsaraba. Busasshen kifi, man shanu, daddawa, kuka, har da albasa, don an ce ta can ba ta da yaji, ko da yake ba wanda ya taɓa ɗanɗana ta. Uwar malamin ta aiko da ƙullin magani da saƙonni bakwai da za a faɗa masa baki da baki. Maigidan sai fara'a yake yana cewa an rufa mana asiri. Ni kuwa na riga na ga makon nawa tun daga farko har ƙarshe. Ranar farko in zauna a falon mutane ina murmushi. Rana ta biyu kunya ta kai ni kicin, don ba yadda za a yi in naɗe hannu yarinya tana yi mini hidima. Daga nan sai ranar dawowa. Haushi ya hana ni cin abinci yini guda. 'Yar tawa ta so ta kira Yaya ta yi masa ta 'yan Abuja, na hana ta, don ita za ta kashe waya ta tafi aiki, ni ce zan zauna da su.

Saura mako uku tafiya, wani hantsi ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Matar malamin ce ta kira ta gaishe ni, ta kuma nuna mini masauki. 'Yar cikin garin Argungu ce, ba za ta wuce sa'ar autata ba, ga tsohon ciki ya turo hijabi. Ta zagaya da ni gidan, bai ɗauki lokaci ba, don ciki da falo ne. Gado na sanye da sabon zanin gado. Akwatunanta kuwa suna jibge a kusurwar falo, da kayan jaririn da ba a haifa ba a cikin baho.

Ta ce, "Mama, ga ɗakinku nan, tun shekaranjiya na gyara. Gidanku na, ku taho ku saki jiki."

Muryar ce ta tsayar da ni. Na san ta. Murya ce mai zaƙi da sauri, wadda ake fitarwa kafin zuciya ta samu damar cewa wani abu. Da ita na yi shekara ashirin da tara ina tarbar mutane a ƙofa.

Na ce, "'Yata, ke ina za ki kwana?"

"Akwai katihwa, Mama. Hwalon na da iska."

"Da cikin ga?"

"Wallahi ba komi. Baƙonka annabinka."

Na ajiye tiren shinkafar na ce mata ba za mu sauka wurinsu ba. Ta ce subhanallahi, me suka yi mana. Na ce ba komai. Ta roƙa, na ƙi. Ta sake roƙo har da haɗa ni da Allah, na sake ƙi. Sau uku, yadda aka koya mana ni da ita. Na jira na huɗu, bai zo ba. Sai ta waiga ta tabbatar mijin ba ya kusa, ta zauna a bakin gadonta, ta sauke wani dogon numfashi. Tausayinta ya kama ni har idona ya kawo ruwa.

Can ta ce a hankali, "Mama, to mi zan ce ma mutanen gida?"

Na ce, "Ki ce tsohuwar ta ƙi. Kowa ya san mutanen Birni da girman kai, ba wanda zai yi mamaki."

Bayan la'asar na samu maigidan a tsakar gida ya durƙusa yana ɗaure kwalin kifi da igiya. Na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ɗago yana kallona kamar na ce na sayar da gonar gado.

"Hajiya, kin san abin da kinka yi? Yaya ya ba da magana, gari duk ya ji. Kuma yarinyar ga da bakinta ta ce ba komi."

Na ce, "Ni ma haka nika cewa, Alhaji."

"To, ai kin gani."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Shekarar da Yaya ya hwaɗi bisa babur ya karye, anka kawo shi asibiti nan, shi da matatai sunka zauna ɗakina wata biyu, ina jegon auta. Ka tuna?"

Ya ce ya tuna mana, ai ƙafar har yau takan motsa masa in hadari ya haɗu.

"Ina nika kwana?"

Ya ce, "Ɗakin yara."

"Ƙannenka biyu masu jarrabawa na ciki."

Ya ce, "To, hwalo."

"Masu dubiya na nan, maza."

Ya buɗe baki zai kawo na uku, ya duba gidan da ya gina da kansa, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya rufe bakin. Igiyar tana hannunsa, bai ƙarasa ƙullin ba. Na tashi na tafi ɗora tukunya, don akwai mutum biyu daga Gulma a falo suna jiran tuwo.

Washegari da safe ya tafi Gulma shi kaɗai, bai ce mini zai je ba. Ya dawo bayan azahar, hula a hannu, fuska ba annuri, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Ki kira ɗiyarki ta kama otal ɗin da kika so." Abin da Yaya ya ce masa ban sani ba har yau. Na dai san mutanen Gulma sun yi fushi sun ƙaurace wa gidanmu don su hora ni, horon da ya kai kwana goma sha ɗaya, ya ƙare ranar da haƙorin wani ya kumbura.

Mun je, mun yi kwana bakwai. Mun kai wa malamin tsarabarsa da saƙonnin uwarsa, muka sha ruwa muka tashi. Maigidan ya yi ta ɗawainiya da ni a makon nan har abin ya riƙa ba ni kunya, amma bai sake tayar da waccan maganar ba, ni ma ban faɗa masa amsar ba. A wata biyun nan a sito nake kwana, ni da jaririya, tsakanin buhunan hatsi da tsohon keken ɗinki. Ƙofar tana daura da tasa, kullum ta gabanta yake wucewa zuwa masallaci.