Kujerar da Inna Take Karanta wa Saƙo

Kafin mai shara ya gama goge tebura Inna ta iso. Za ta rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta kunna kwamfuta, sannan ta jawo wata kujerar katako ta ajiye a gabanta. Ba mai zama a kai. Haka na tarar tun da na fara aiki a ofishin nan, kuma har yau in na bi ta gefen kujerar sai in ji na rage murya.

Aikinmu ƙera manhaja ce mai haifar manhajoji: ka rubuta mata dokokin wani yaren kwamfuta, ta fitar maka da abin da zai karanta yaren. Rabon Inna a ciki shi ne wanda kowa yake gudu, wato saƙon da ke fitowa idan mutum ya rubuta abin da bai karantu ba. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suka amince da ita: saƙo ya fara da sunan fayil, sai layi, sai abin da aka tarar, sai abin da ake jira. Ko da wasa Inna ba ta yarda a taɓa wannan jerin. Ta kuma ƙara tata dokar. Duk saƙon da ta rubuta sai ta karanta wa kujerar a fili, ta yi shiru tana saurare. Wani lokaci ta gyaɗa kai, wani lokaci ta ce, "To, yi haƙuri," ta goge ta sake.

Mun sha tsokanarta. "Inna, baƙon naki ya karya kuwa?"

"Ku dai ku yi ta dariya," in ji ta. "Mutum ne a firgice, aikinsa ya tsaya, ba shi da wanda zai tambaya. Yana nan tafe."

Dogo, shugaban sashenmu, ya taɓa rubuta saƙo cikin fushi: "Shirme. Sake duka." Inna ta ce ba laifi, amma ya zo ya faɗa wa kujerar da bakinsa. Ya taso yana murmushi, ya faɗi kalmar farko, sai ya tsaya cak. Daga baya ya rantse mana ji ya yi kamar ya zagi wanda ya sani ido da ido. Mai shara kuwa ya daina taɓa kujerar, wai yakan jingine ta da bango, da safe ya tarar tana fuskantar teburin Inna.

Inna, ke ce muryar da dubban mutane suka ji ba su san mai ita ba. Na taɓa hango kalmominki a kwamfutar wani matafiyi a ɗakin jira, wallahi sai da na waiga ina nemanki.

Bara ne kalmomi suka fara guje mata. Ta nuna kofi, sunan ya ƙi zuwa. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. 'Yarta ta roƙe ta ta ajiye aiki, Inna ta ce sai ta gama daidaita sauran saƙonnin da ƙa'ida, ba za ta bar mutumin nan da rabin magana ba. Ta gama, amma da ƙyar, kuma mu da muke gani abin ya ci mana rai.

Ranar ban kwana 'yar ce ta riƙo hannunta. Inna ta wuce teburinta kamar ba ta san shi ba, ta je ta zauna a kujerar katakon. Ta nemi a miƙo mata kwamfuta, ta fara rubuta wa manhajar wani gwaji, ta kakare a tsakiya. Sai saƙo ya fito: "Gwaji, layi na biyu: an tarar da ƙarshen rubutu, ana jiran alamar rufewa. Abin da ke sama duk daidai ne."

Ta karanta a hankali, ta sauke ajiyar zuciya.

"Wace ce ta rubuta wannan? Allah ya yi mata albarka. Kamar ta san tsoro nake ji."

"Umma, ke ce," in ji 'yar.

Inna ta dube ta, ta yi murmushin da ake yi wa mai zolaya. Dogo ya fita waje don kada a ga idonsa.

Mun gode, Inna. Ke ce kika lallashi mutanen da ba za su taɓa gaishe ki ba, Allah ya saka miki, ya sassauta miki. Ku kuma masu rubuta abin da na'ura za ta faɗa wa mutum a lokacin da ya rikice, ku bi ƙa'ida, ku tausasa harshe, ku ajiye kujera a gabanku. Tamu tana nan inda take. Yanzu Dogo ne yake karanta mata saƙo kowace safiya, kuma har yau ban iya tambayarsa wa yake gani a kai ba.